Yaron gidan da nake aiki an ce za a kai shi a "gyara" shi

Tambaya: Likita, ina aikin kula da wata tsohuwa a Buruklin da ke birnin Niu Yok a Amurka, gidan Yahudawa 'yan Otodoks masu riƙo da tsohuwar koyarwar addininsu. Jikanta ɗan shekara 19 ya faɗa wa iyayensa maza yake sha'awa. Tun daga ranar ya rame, ko teburin daren Asabar, ranar hutun ibadarsu, ba ya zama. Uwar ta ce an haɗa ta da wani mai gyara irinsu. Hankalina ya ƙi kwanciya. Da gaske ana warkewa?

Amsa: 'Yar'uwa, rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Hukuncin Littafin Firistoci 18:22, ayar Attaura kan kwanciyar namiji da namiji, na malamansu ne, kuma kansu a rabe yake: 'yan Rifom, ɓangaren masu sassauci, sun amince da naɗa irin waɗannan mutane malamai tun 1990, Otodoks suna nan kan hani. Abin da ke ƙona mini rai shi ne maganar gyaran nan.

Babu wani gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan daga jerin cututtuka a 1990, amma 'yan damfara ba su fasa cin kuɗin iyaye ba. Ki ba uwar labarin JONAH, ƙungiyar da aka kafa a Niu Jasi don "warkar" da samarin Yahudawa. A kotu an ba da shaidar yadda ake sa saurayi ya tuɓe tsirara gaban mai ba shi shawara, ko a miƙa masa sandar tanis ya yi ta jibgar matashin kai, wai uwarsa ce, ita ta jawo masa. Wannan ne magani? A 2015 kotu ta same su da yaudarar jama'a, aka rufe su. Tun 2012 ma majalisar malaman Otodoks ta Amurka ta janye goyon bayanta. Waɗanda nake gani sun fito daga irin wannan hannu, sha'awar tana nan yadda take, sai ƙarin baƙin ciki da tunanin kashe kai. Haka masu cewa a yi masa aure zai manta, 'yar mutane kawai za a jefa cikin wahala.

A dokar addininsu ceton rai yana gaba da kusan komai, har Asabar ake karyawa dominsa. A 2018 babban malamin Yahudawan Birtaniya, Ephraim Mirvis, ya fitar wa makarantun Otodoks jagorar kare irin waɗannan yara, bai kuma sauya hukuncin ba. Ki tuna wa uwar wannan cikin ladabi, ta nemi likita mai lasisi. Idan kika ji yaron ya ambaci mutuwa, ki kira 988, layin agajin masu tunanin kashe kai a Amurka, nan take, kada ki jira izinin kowa.