In siyo wa Baba ƙwayar kalsiyam don zuciyarsa ta yi ƙarfi?

Tambaya: Likita barka da aiki. Mahaifina ne aka ce zuciyarsa ta yi rauni, ƙafafu na kumbura, in ya kwanta numfashi ya riƙa yi masa wuya. Na ji ance kalsiyam ne ke sa zuciya bugawa, toh in siyo masa ƙwayar ya dinga sha?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Abin da ka ji gaskiya ne, amma don Allah kar ka siyo.

Tun 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, ya gano zuciyar kwaɗo ba ta iya ci gaba da bugawa in babu kalsiyam a ruwan da aka tsoma ta. Yadda abin yake, duk bugu ɗaya kalsiyam ɗan kaɗan ne ke shigowa cikin tantanin tsokar zuciya daga waje, shi wannan ɗan kaɗan ɗin sai ya buɗe wani rumbu da ke ciki, mai yawa ya kwararo ya kama furotin ɗin da ake kira troponin, tsoka ta matse ta tura jini. Daga nan wani famfo mai suna SERCA2a ya kwashe mafi yawansa ya mayar rumbu, sannan zuciya ta saki ta sake cika da jini. Haka ake yi wajen sau 100,000 kullum fa.

Toh a masu ciwo irin na Baba famfon nan ne ke sanyi, ƙofar rumbun kuma ta riƙa yoyo, sai ya zama rumbu bai cika ba balle bugu ya yi ƙarfi, ga kalsiyam ya saura a inda bai kamata ba, zuciya ba ta saki da kyau, wani lokaci har bugun ya rikice. Ka ga matsalar a can ciki take, ba a jini ba. Ƙwaya ba ta gyara famfo.

Abin da ya fi damuna ma, in yana shan digoxin, shi kansa maganin yana ƙara kalsiyam ne a cikin tantanin, in ƙwayar ta sa kalsiyam na jini ya hau a kan haka bugun zuciya na iya rikicewa sosai. Sannan ka duba ledar magungunansa, in ka ga verapamil ko diltiazem ka nuna wa likitansa, don suna rage ƙarfin bugu kuma ba a cika ba masu raunin zuciya su ba. Amma kar ya daina shan komai da kansa, ku je da ledar gaba ɗaya a duba.