Amsar Kawu kan maganar karatun zane

Wa alaikumus salam ɗana, ya karatu, ya mutan gidan. Na ga saƙonka, wai ka samu gurbin karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello, ABU Zariya, amma babanka da wasu a dangi suna cewa zane ba al'adar Bahaushe ba ce, aikin Turawa ne da 'yan kudu, wasu ma sun ce maka haramun ne, shi ne kake tambayata ko da gaske ne ba mu gaji wannan abu ba. Toh ka gyara zama dan amsar da ɗan tsawo.

Duk wanda ya ce maka Bahaushe bai san zane ba ka ce masa dan Allah ya shiga cikin birnin Zariya da ƙafa, ba a mota ba, ya dinga ɗaga kai yana duban fuskar zaurukan tsofaffin gidaje. Ko ya tsaya gaban ƙofar fadar Sarkin Zazzau ya kalli launukan da ke jiki. In yana da fasfo ma ya tsallaka Damagaram ya zaga unguwar Birni. Waɗannan zane-zanen ai ba Bature ne ya zo ya yi mana ba, magina ne, iyayenmu da kakanninmu. Sai an gama ɗora tubali an yi yaɓe, tun ƙasar tana da danshi magini zai bi da hannu yana tayar da ita yana murɗawa, ya fitar da dagi, ya fitar da takobi, ya fitar da kan sandar sarauta, daga baya a bi da farar ƙasa da jar ƙasa da shuni. Kuma fa su suke haɗa kayan aikinsu da kansu, ba zuwa shago ake a siyo bokitin fenti ba. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta a shafe bango da ita saboda ruwan sama. Laso kuma, wato simintinmu na da, katsi ake ɗebowa daga karofi, wannan laka da ke kwanta ƙasan rijiyar rini, a ƙona a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara. Ka ga kenan marini da majemi da magini duk hannunsu na cikin bango ɗaya. Yanzun wa ya san wannan a cikinku?

Abin da ke burge ni da mutanen nan shi ne ba su tsaya wuri ɗaya ba. Da zamani ya zo, wajen shekarun 1950 zuwa 1960, sai ka ga an zana keke a fuskar gida, an zana agogo, an zana mota har da jirgin sama, mai gida yana so duk wanda ya wuce ya san ya yi arziki ko ya je Makka ya dawo. Dan haka masu cewa al'ada ba ta karɓar sabon abu, su magina ba su san da wannan dokar ba.

Kuma suna da daraja. Akwai sarautar Sarkin Magina, sana'ar gado ce, yaro zai fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali shekara da shekaru kafin a bar shi ya taɓa fuskar zaure. Ka ji sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu ai, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19. Har yau masana gine-gine daga ƙasashen waje suna zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaura da azara da ƙasa zalla a cikin masallacin nan. Mutum ya yi aiki, yau kusan shekara 200 ana kiran sunansa, sannan a ce maka wai aikin banza ne.

Bar ma gini. Kai da ka yi makarantar allo, ranar sauka me aka ba ka ka riƙe? Allon zayyana. Wa ya zana shi? Wani gwani ne ya zauna da alƙalamin kara da tawada kala-kala ya ƙawata gefen Fatiha da farkon Baƙara, aka zaga da kai gidajen 'yan uwa kowa yana gani yana sa albarka yana ba da abin da ya samu. Wannan a tsakiyar karatun addini kenan fa. Ga aska takwas da tambari a jikin babbar riga, kafin maɗinki ya sa allura sai mai zane ya fara zana masa a kan yadin, kuma da yawan masu wannan zanen malamai ne da almajirai. Ga zanen ƙwarya, ga na dukawa a jikin fata, ga lallen da ake wa ƙannenka in biki ya zo. Shi kansa dagin Arewa da aka ɗauka ya zama tambarin Jihar Arewa zamanin Sardauna, a jikin bango da riguna aka same shi.

Inda danginka suke da ɗan gaskiya shi ne, zane a kan ƙyalle a sa masa firam a rataye a falo, mai zanen ya sa hannu a ƙasa, a kai wurin baje koli a siyar, wannan kam ta makarantar boko ya shigo mana. Namu zanen a jikin abin amfani yake zaune, bango, allo, riga, ƙwarya. Amma ji wani abu da zai ba ka mamaki, kuma ni haushi yake ban. A nan Zariya, a kwalejin da ta zama ABU a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu Turawa ne suna koya musu zane irin na Ingila, su kuma suka ce a'a, za mu karɓi dabarun amma sai mun haɗa da abin gidajenmu. Uche Okeke, wanda a Kafanchan ma ya tashi, ya koma ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina aikinsa a kai har duniya ta san shi. Toh su sun zo garinmu sun koyi girmama abin iyayensu, mu kuma da bangon ke bayan gidanmu muna rushewa muna sa bulo da tayil muna cewa zane ba namu ba ne. In ba 'ya'yanmu suka shiga sashen zanen nan ba wa zai ɗauko zayyana da dagi ya yi musu abin da aka yi wa uli?

Maganar addini kuma kar ka yi wasa da ita, kuma kar ka yi musu da babanka a kai da gatsali. Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu sura abu mai rai ingantattu ne. Amma a cikinsu akwai wanda wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, shi ɗan Abbas ya ce masa in ba makawa sai ka yi to ka zana bishiya da abin da ba shi da rai. Malamanmu na Malikiyya sun raba tsakanin mutum-mutumi cikakke mai inuwa, wanda suka haramta, da zane a shimfiɗe kan takarda ko yadi wanda da yawansu karhanci suka ce, wasu malaman kuma sun hana duka in dai mai rai ne. Ka sani tun yanzu a makarantar za a sa ku zana mutum, akwai kuma darasin sassaƙa, dan haka ka samu malamin da ku biyun kuka yarda da shi kai da babanka ku zauna ku ji. In ransa bai kwanta ba, a jami'ar akwai ɓangaren zanen yadi da na tukwane da na gilashi da na zanen talla. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ai da tukwane ta kai inda ta kai, ba ta yi boko ba amma ABU ɗin nan ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ina jin abin da ya fi damun babanka ba fatawa ba ce, abinci ne. Kuma yana da hujja. Masu zanen allon shago da masu yi wa manyan motoci ado da zaki da dawisu, da can suna samu, yau injin buga bana ya kwashe musu kasuwa, 'yan siyasa ma sun daina kawo hoto a zana da hannu. Makarantun firamare kuwa darasin aikin hannu ya koma a ce wa yaro ya siyo tsintsiya a kasuwa ko ya kawo kuɗi a ba shi maki, abin kunya wallahi, a haka ta ina yaro zai san hannunsa na iya wani abu. Dan haka ka haɗa burushi da kwamfuta, ka iya duka biyun, ka kuma riƙe a ranka cewa koyarwa na iya zama abin da zai riƙe ka kafin zanen ya fara kawo kuɗi.

In kun fara karatu, ranar da ba lacca ka hau mota daga Samaru inda jami'ar take ka shiga birni, ka nemi tsofaffin magina, ka gaishe su da ladabi ka ɗan riƙe goro, ka roƙi su nuna maka yadda ake tayar da zane a kan ɗanyen yaɓe, kuma ka nemi izinin mai gida kafin ka ɗau hoton zauren kowa. Babanka ka bar min shi, zan kira shi bayan Juma'a in sha Allah. Ka turo min jerin kayan aikin da aka ce ku siya da kuɗinsu in ga abin da zan iya ɗauka a ciki. A gaida Hajiya da su ƙannenka.