Shin Kofin Mitropa ne ya koma Gasar Zakarun Turai?

Tambaya: Malam, ina gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo. Na faɗa wa masu sauraro cewa kofunan Zakarun Turai na AC Milan 8 ne, don na gani a Facebook wai Mitropa ne tsohon sunan gasar. Yanzu sun taso ni a gaba, har barci ya gagare ni. Na yi kuskure ne?

Amsa: Ka yi, ɗan'uwa, kuma ka gyara a shirinka na gaba. Milan 7 gare ta; na takwas ɗin da ake ƙara mata Kofin Mitropa ne na 1982, wanda gasa ce daban.

Hugo Meisl, jami'in ƙwallon ƙafa na Ostiriya, shi ne ya jagoranci kafa Mitropa, gasar ƙungiyoyin ƙasashen tsakiyar Turai, a 1927. Lokacin Ostiriya da Cekoslobakiya da Hungari sun fara biyan 'yan wasa albashi, ƙungiyoyi na neman kuɗin ƙofa, sai aka shirya musu wasan gida da waje. Sparta Prague ta cinye na farko, ta doke Rapid Vienna 7 da 4 jimilla. Italiya ta shigo a 1929. Gasar ta yi zafi ƙwarai: a 1932 rikici ya ɓarke tsakanin Juventus da Slavia Prague, aka kori su biyun, aka miƙa wa Bologna kofi ba tare da wasan ƙarshe ba.

Wannan maganar ta wai "suna kawai aka sauya" ta ishe ni, kullum sai an kawo mini ita. Gasar Zakarun Turai a 1955 aka fara ta, daga shawarar Gabriel Hanot na jaridar L'Équipe, UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ke riƙe da ita. Mitropa kuwa ba ta mutu ba, ta ci gaba da tafiya a gefe har 1992. Yaya za a yi gasa biyu da ake bugawa a shekara guda su zama ɗaya? Kuma Kofin Mitropa da Milan ta ɗauka a 1982, ta samu shiga ne don ta zama zakarar rukuni na biyu na Italiya, bayan an jefa ta can a 1980 saboda badaƙalar cacar wasanni. A 1982 ɗin Aston Villa ce zakarar Turai.

Masu waɗannan shafuka na Facebook mabiya suke nema. Su haɗa hoton kofi da lamba, yaro ya ɗauka ya kai gidan kallo, a yi ta musu har a kai ga zagin iyaye. Kai da kake gaban makirfo, dubban mutane ke ɗaukar maganarka hujja. Kafin ka faɗi lamba, ka buɗe shafin UEFA ka ƙirga da idonka.