Chevrolet Bel Air ta 1957 da aka sabunta: me zan duba kafin in biya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, kuma na daɗe ina sha'awar tsofaffin motocin Amurka. Na ga tallar Chevrolet Bel Air ƙirar 1957 mai ƙofa biyu a hannun wani dillali a Florida. Ya ce an kwance ta kaf an sake gina ta, injinta na asali ne, kuma yana neman dala 58,000. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. Yana matsa mini in tura kafin alƙalami wai akwai wasu masu so. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Da farko dai kada ka tura ko sisi tukuna. Kamfanin Chevrolet ya ƙera motoci kusan miliyan ɗaya da rabi na ƙirar 1957, kuma waɗanda suka rage a hannun mutane suna da yawa. In wannan ta wuce ka, wata za ta fito kasuwa kafin wata ya ƙare. Matsin lambar nan ta "akwai masu so" tsohuwar dabarar dillanci ce, ka san ta tun daga gida.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, babu wata hukuma a Amurka da ta ƙayyade aikin da za a yi wa mota kafin a ce an sabunta ta. Wanda ya ɗaga gangar jikin daga kan shasi, ya kankare ƙarfe har ya fito fes, ya yanke ruɓaɓɓe ya yi waldar sabo, zai ce ya sabunta. Wanda ya cusa fila a ramukan tsatsa, ya fesa jan fenti, ya ɗinka sabon kushin, shi ma haka zai ce. A hoto ba za ka bambance su ba. Kuɗinka kuwa yawancinsa ladan aikin hannun wani ne da ba ka sani ba, aikin kuma yana ɓoye a ƙarƙashin fenti.

Fara da lambar motar, wato lambar shaida da masana'anta ta ba ta, domin wannan ba ya bukatar ka bar Columbus. Ka ce ya turo maka hoton ƙaramin faifan ƙarfen da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba. Bel Air ta 1957 mai injin V8, wato mai silinda takwas, lambarta tana farawa da VC57. Harafin V na injin ne, C kuwa shi ne shaidar Bel Air. In ka ga B a madadin C, motar ƙirar Chevrolet 210 ce. In A ne, 150 ce, wato mafi arha a jerin. Wannan yana da muhimmanci saboda 210 da Bel Air jikinsu ɗaya ne. Abin da ya raba su ado ne: falankin alminiyon mai zane-zane a gefen baya, da kayan ado masu ruwan zinare a gaba, da kayan ciki. Duk waɗannan ana sayar da sababbinsu a yau, don haka mayar da 210 ta zama kamar Bel Air aikin 'yan kwanaki ne. In lambar ta fara da C57 ba tare da V ba, to da inji mai silinda shida ta fito daga masana'anta, kuma V8 ɗin da ke cikinta daga baya aka dasa shi. Ka kuma lura da yadda faifan yake manne. Masana'anta da ɗigon walda ta manna shi. In ka ga sukurori, sai an yi maka bayani. Akwai faifai na biyu a cikin ɗakin inji, wanda ke ɗauke da lambar siffar jiki da ta fenti da ta kayan ciki, shi ma ka nemi hotonsa. Kada ka dogara da Carfax, kamfanin da ke ba da rahoton tarihin mota: lambar mota mai haruffa 17 a 1981 aka fara ta, rahoton nasu ba ya kaiwa ga motocin da suka riga wannan shekara.

Sai batun "injin asali". A 1957 Chevrolet ba ta buga lambar mota a jikin inji, don haka babu mai iya rantse maka, daga lambobi kawai, cewa wannan injin ne ya fito da wannan motar. Iyakar abin da za a tabbatar shi ne injin na irin shekarar ne, kuma an haɗa shi kafin a gama haɗa motar. Ana gane haka daga lambar zubi da ke bayan injin da kuma tambarin da ke gabansa ta ɓangaren fasinja, mai nuna masana'anta da kwanan wata da nau'in injin. Injin V8 na 1957 ko dai 265 ne ko 283, lambobin da ke nuna girman injin. Da yawa daga cikin motocin nan an cire musu nasu an sa 350, wanda sai a 1967 ya fito, kuma a ido suna kama sosai. Ni ban ga laifin 350 ba, yana da ƙarfi kuma kayan gyaransa a ko'ina suke. Laifin shi ne a sayar maka da shi a farashin na asali. In kuma aka ce maka tana da na'urar fesa mai ta Rochester, wadda ta ba injin 283 ƙarfin doki 283, to ka ninka bincike, domin kaɗan ne suka fito da ita daga masana'anta.

Amma inji ba shi ne abin tsoro ba, ana sauke shi a gyara a mayar. Tsatsa ita ce ke cinye dukiya. Kai da ke Ohio ka san abin da gishirin da ake zubawa a titi lokacin dusar ƙanƙara yake yi wa ƙasan mota. Kasancewarta a Florida yau bai nuna inda ta yi shekarunta ba. Wataƙila ta yi shekara talatin a Michigan, kuma ita Florida ɗin tana da danshi da iskar teku. A irin wannan ƙirar wuraren da suka fi ruɓewa sanannu ne: saman fitilun gaba inda laka ke taruwa, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, daɓen ƙasa inda ake ɗora ƙafa, ramin safayar taya a but, gindin madigadin baya, da wuraren da gangar jiki ke zama a kan shasi. Dole a ɗaga motar sama a shiga ƙarƙashinta da tocila. In aka ga an lafta baƙin kwalta mai kauri sabo fil a ko'ina, sai a tambayi abin da ake rufewa. A gefen jiki kuwa ana bi da ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle, ko na'urar auna kaurin fenti. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, fila ce a wurin ba ƙarfe ba. Fila 'yar kaɗan don daidaita fuska ba aibi ba ce, kowane mai gyaran bodi yana sa ta. Wadda aka toshe rami da ita kuwa, cikin shekara biyu ko uku fenti zai fara ƙuraje, kuma sake fenti mai kyau a Amurka yana iya cin dubban daloli masu yawa.

Shi ya sa nake ba hotunan lokacin aiki muhimmanci fiye da na talla. Duk wanda ya yi aikin gaske ya ɗauki hoton jikin a tsirara kafin fenti, ya ajiye rasit na kaya da na gareji, domin shi ma yana alfahari da abin da ya yi. Dillalin da ya ce an kwance ta kaf amma ba shi da hoto ko ɗaya, ka ɗauke ta a matsayin motar da aka yi wa fenti kawai, ka yi tayi a kan haka. Ka tambayi shekarar da aka yi aikin. Wanda aka yi shekara ashirin da suka wuce shi ma ya tsufa: robobi sun bushe, tayoyi sun taurare ko da ba su sha titi ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Agogon nisan tafiya kuwa kada ka kula shi, lambobi biyar ne, yana komawa sifili bayan mil 99,999.

In ba za ka iya zuwa ba, ka ɗauki hayar mai duba tsofaffin motoci wanda kai ka nemo shi, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya nuna maka ba. 'Yan ɗaruruwan daloli ne. Ya tayar da injin da sanyinsa, ya ga hayaƙi, ya auna ƙarfin kowace silinda, ya tuƙa ta har ta yi zafi. Rahotonsa ne zai gaya maka ko dala 58,000 ta dace. Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty yana jera darajar irin waɗannan motoci a mataki huɗu, daga ta gasar nuni zuwa mai bukatar aiki, kuma tazarar farashi tsakanin matakan tana da faɗi. Ka gwada da abin da aka biya a zahiri a gwanjon Mecum da Barrett-Jackson da Bring a Trailer, ba abin da masu talla ke nema ba, kana sane da cewa mai saye a gwanjo yana biyan la'ada a kai. Takardar mallaka kuma ta zo da lambar da ta yi daidai da ta jikin ƙofa, harafi da harafi, kuma ka nemi inshorar da ake amincewa da darajar motar tun farko a rubuce.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba, tunda na san za ka ɗauki iyali. Birkinta na ganga ne a duk ƙafa huɗu, kuma layin mai ɗaya ne: in bututu ɗaya ya fashe, birki ya tafi gaba ɗaya. Bel ɗin kujera sai a 1968 ya zama tilas a sababbin motoci. A 2009 cibiyar IIHS, mai gwajin haɗarin motoci a Amurka, ta gwabza Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009, gaban tsohuwar ya murƙushe har cikin mazaunin direba. Don haka in don tuƙi kake so, ka sa tukunyar birki mai layi biyu, da birkin faifai a gaba, da bel, ka adana tsofaffin kayan a kwali domin ranar sayarwa. Ka sauya robobin mai da irin waɗanda ke jure fetur mai gauraye da itanol, ka yi amfani da baƙin mai mai sinadarin zinki da ake yi domin tsofaffin injuna.

In kuma a ranka akwai niyyar kai ta gida wata rana, ka binciki wannan kafin ka saya: hukumar kwastan ta Najeriya ta sa tsofaffin motocin da suka wuce ƙayyadaddun shekaru cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, kuma ta 1957 ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.