Kyamarar Waya Ba Ta Gano Zazzaɓin Aladu

Tambaya: Ina ɗibar jinin aladu a mayanka kusa da Kafanchan domin gwaji. Muna cike fom a KoboCollect, manhajar tattara bayanai ta waya, amma babu sabis a wurin. Bayanan za su ɓace?

Amsa: Ba za su ɓace ba, Malam. Manhajar tana ajiye su a cikin waya. Kammala fom ɗin, ka tura idan ka samu sabis. Kada dai ka goge manhajar kafin nan.

Tambaya: An turo mini wata manhaja ta WhatsApp, wai da na ɗauki hoton alade za ta faɗa mini ko yana da zazzaɓin aladu na Afirka. In sauke?

Amsa: Haba ɗan'uwa! Wayar da ba ta gane fuskarka da magariba ita ce za ta leƙa cikin jinin dabba? Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Jan da ake gani a kunnuwa da cikin alade, da saifar da ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, duk alamu ne kawai, kuma akwai wasu cututtukan aladu masu kama da haka. Likitan dabbobi ma da ya fede gawar da hannunsa sai ya aika jini ko yankin saifa cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji, irin na cibiyar Vom da ke Jihar Filato, a yi gwajin PCR, mai gano ƙwayar cutar kanta, kafin ya yanke hukunci.

Cutar ba ta kama mutum, amma tana share garke cikin kwanaki, kuma ba ta da magani. Masu kiwo a Oke-Aro, kan iyakar Legas da Ogun, sun yi asarar dubban aladu a 2020. Ƙwayar tana bin takalmi da wuƙa da tayar mota, tana daɗewa a daskararren nama. Idan manhajar ƙarya ta ce maka "lafiya lau" ka kai dabbar kasuwar aladu ta Katsit da ke kusa da Kafanchan, ka raba wa aladun jama'a annoba ke nan.

Sannan fayil ɗin APK, wato na saka wannan manhaja a waya, da ke yawo a WhatsApp, wa ya haɗa shi? Me zai yi da izinin karanta saƙonninka, inda banki ke turo lambar sirri? Goge shi, ka kira jami'in dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Tambaya: Rubutun jikin kwalaben jini yana gogewa a cikin kula.

Amsa: Hajiya, biro ba ya jure laima. Sayi alƙalamin maka wanda rubutunsa ba ya gogewa, ki rufe rubutun da salatif. Lambar kwalba kuma ta shiga waya, ta shiga littafi, a lokaci guda.