Minti 90 babu ci: akwai daɗin kallo kuwa?

Tambaya: Ni ba ma'abocin ƙwallo ba ne, abokai ne ke jana gidan kallo. Sai a shafe minti 90 a tashi canjaras ko 1-0, su suna ta ihu, ni ina hamma. A ƙwallon kwando ta Amurka kuwa kowane ɓangare kan haura maki 100. Wasan da ba a cika ci ba zai iya burge irina?

Amsa: Zai iya, Malam, amma ba kowane wasa ba. Ƙarancin cin shi ne ke sa ƙwallo ɗaya ta yi tsada. A kofin duniya na 2022 an ci ƙwallo 172 a wasa 64, wato ko uku ba a kai ba a kowane wasa. Idan ci ya yi wuya haka, ƙaramar ƙungiya tana iya samun dama guda ta kulle gida har a tashi. Haka Kamaru ta yi wa Ajantina a 1990, haka Senegal ta yi wa Faransa a 2002, kowanne da ci 1-0, kuma dukansu masu riƙe da kofin aka kayar. A kwando da wuya a ga irin wannan, domin inda ake ci sau da yawa, mai ƙarfi yana da lokacin gyara kuskurensa.

Matsalar sabon mai kallo ita ce idonsa na bin ƙwallo kawai, kyamara ma ita take bi. Gwada ɗauke ido daga kanta na minti 5. Dubi 'yan baya huɗu yadda suke matsowa a layi ɗaya don su jefa ɗan gaba cikin satar gida, wato laifin wuce su kafin a aiko masa ƙwallo. Idan ɗaya ya makara da taku biyu, tarkon ya lalace, sai ɗan gaba da gola. Ka kuma lura daga minti 70, lokacin da gajiya ke buɗe rata tsakanin 'yan tsakiya da 'yan baya. Nan koci ke sako mai gudu.

Sai dai hammarka ba laifi ba ce. Akwai canjaras ɗin da babu komai a cikinsa, musamman idan maki ɗaya ya ishi kowa. Masu dokar wasan ma sun gani: bayan kofin 1990, inda aka ci 115 kacal a wasa 52, an hana gola kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa tun 1992, sannan a kofin 1994 nasara ta koma maki 3 maimakon 2.

Don haka ka zaɓi abin kallo. Bar wasan sada zumunta. Nemi zagayen sili ɗaya ƙwale, inda dole wani ya fita ko da ta bugun fenareti, ko wasan da ƙungiya ke gudun faɗawa ƙaramin rukuni. Kuma ka ɗauki ɓangare kafin a take wasa, ko da don kalar riga ne. Wanda ya goyi bayan Najeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2013, bayan Sunday Mba ya ci Burkina Faso kafin hutun rabin lokaci, bai samu sukunin hamma ba har alƙalin wasa ya hura tashi.