Zan iya kai ɗalibai su kwana a bakin dam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Daura. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a jihar Arizona ta Amurka ya turo min hotunan tafkin Havasu, a tsakiyar hamada, inda mutane ke kafa tanti su kwana, suna iyo, suna yawo a jirgin ruwa. Abin ya burge ni. Ina so in kai ɗalibaina kamar talatin dam ɗin Sabke a hutun da ke tafe mu yi kwana biyu. Me ya kamata in shirya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya saka da alheri da wannan tunani, domin yaranmu da yawa sukan gama sakandare ba su taɓa ganin inda ruwan famfon garinsu ke fitowa ba. Amma a ganina, a matsayina na ma'aikacin lafiyar al'umma, ka kai su da safe ku dawo da yamma, kuma kada ka bar kowa ya shiga ruwan.

Shi ma Havasu ɗin dam ne. An tare kogin Kolorado da madatsar Parker, wadda aka kammala a 1938, ruwa ya taru ya zama tafki. Zafin wurin ma ya fi na Daura, don a watan Yunin 1994 ya kai digiri 53. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne tsarin da gwamnatin jihar ta yi wa wurin: ana biyan kuɗin shiga, ana kama wurin kwana tun kafin a zo, akwai ruwan famfo da ban ɗaki da ma'aikata masu sintiri, kuma doka ta wajabta wa yaro mai shekara 12 zuwa ƙasa sanya rigar kariya daga nutsewa in yana cikin jirgi. Namu madatsun ruwan kuwa, Sabke da Ajiwa da Zobe da Jibiya, don ruwan sha da noman rani aka gina su.

Babban dalilina na hana wanka shi ne tsargiya. Ruwan Amurka ba ya ɗauke da ita, alhali Nijeriya na cikin ƙasashen da ta fi yi wa katutu a duniya. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar cutar da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa. Bayan 'yan makonni sai tsutsotsin da ido ba ya gani su fito suna yawo. Ba sai an sha ruwan ba, ta fata suke shiga, ko da ƙafa kawai aka tsoma ko alwala aka yi. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa. Yaro zai koma gida lafiya ƙalau, sai bayan wata biyu ko uku a fara ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Har yanzu akwai ƙauyukan da ake ɗaukar wannan a matsayin alamar balaga, alhali cuta ce da in ta daɗe takan lalata mafitsara da ƙoda, har ta kai ga sankarar mafitsara. Maganinta, praziquantel, yana aiki sosai, kuma akan raba shi kyauta a makarantu. Sai dai ba ya kashe tsutsar da ba ta girma ba, don haka in wani ya faki idonka ya shiga, a jira mako shida zuwa takwas sannan a kai shi asibiti a duba fitsarinsa. Ruwan alwala da na girki ku taho da shi daga gida a jarkoki. In ya ƙare, a tafasa na dam ɗin.

Na biyu, nutsewa. Ƙasan dam ba kamar ƙasan rafi ba ne. Yaro zai yi taku uku ruwa na gwiwarsa, na huɗu ya faɗa tsohon kwarin kogin da ruwa ya rufe. Ga laka mai riƙe ƙafa, ga ragar masunta da ƙugiyoyinsu. Wanda ke nutsewa kuma ba ya iya ihu, bakinsa na shiga ruwa yana fita ne, kafin minti ɗaya ya ɓace. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta biyun ta abokin da ya yi tsalle ya ceto shi ce. Ka koya musu tun a aji cewa igiya ko gora ko jarka mai murfi ake jefawa daga tudu.

Kwale-kwale ma ina jin tsoronsa. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar Maulidi. A bikin ƙaramar sallar 2022 kuma aka yi irinsa nan kusa da ku a Mai'aduwa, yara fiye da goma suka tafi. Allah Ya jiƙansu. In har ba ka samu rigar kariya ga kowane yaro ba, a bar batun jirgi. In ka samu, a shiga kaɗan-kaɗan, kuma sarkin ruwa ne zai zaɓa maka matuƙi.

Kwana a fili kuwa ba na ba da shawararsa. Yankin Daura ya fi na Jibiya da Dutsin-Ma kwanciyar hankali, amma 'ya'yan mutane talatin a daji cikin dare amana ce mai nauyi. Ga sauron bakin ruwa, ga kunama da kububuwa. In dole sai an kwana, ka nemi aron aji biyu a makarantar garin da ke kusa, kowa da gidan sauronsa da bargonsa, a kuma zazzage takalmi kafin a sa da asuba.

Lokaci mafi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, da damina kuwa ruwa ya cika, gaɓa na zaizayewa. Kafin ranar, ka je da kanka ka gaida mai gari da sarkin ruwa, ka nemi izinin masu kula da dam ɗin, ka sanar da 'yan sanda, ka karɓi amincewar iyaye a rubuce. Kowane yara goma su sami babba ɗaya da ba shi da wani aiki sai sa musu ido, a riƙa kiran suna kafin a ci abinci da kafin a hau mota. Ka roƙi ma'aikacin dam ɗin ya zaga da su ya nuna musu yadda ake sakin ruwa, masunta su nuna musu yadda ake jefa birgi (ragar kamun kifi), masu noman rani kuma su kai su cikin fadama.